Ƴan Nijar mazauna Amurka, ku kai yara kallon ganyen kaka

A daidai lokacin da manoman Maradi da Damagaram ke ɗaure dammunan gero, miliyoyin Amurkawa na hawa duwatsu don kallon ganyen itatuwa ya rikiɗe daga tsanwa zuwa rawaya da ja. Da yawa daga cikin ƴan uwanmu mazauna birnin Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa, sun shekara goma ko fiye a can ba su taɓa zuwa ba, alhali tafiyar awa biyu ce a mota. A ganina wannan asara ce, kuma yara ne suka fi yin ta.

Na san abin da wasu za su ce: neman kuɗi aka je, ga iyaye a gida suna jiran aike, wa ke da lokacin kallon ganye? Maganar tana da nauyi. Sai dai yaron da aka haifa a can, wanda kullum uba na bakin aiki dare da rana, yana buƙatar yini guda da zai riƙa tunawa da shi tare da iyayensa. Kuma tafiyar ba ta da tsada. Hanyar Blue Ridge Parkway, wadda aka fara ginawa a 1935 aka kammala a 1987, ba a biyan ko sisi kafin a hau ta. Tsawonta kilomita 755 ne, ya zarce tazarar Yamai zuwa Maradi, ta haɗa gandun Shenandoah na jihar Virginia da gandun Great Smoky Mountains.

Abin da ke ɓata wa mutane tafiyar shi ne rashin sanin lokaci. Idan yini ya fara gajarta, itace yakan daina sarrafa sinadarin da ke sa ganye tsanwa, sai rawayar da ke ɓoye ta bayyana. Jan launi kuwa yana ƙaruwa ne idan an samu rana mai haske da dare mai sanyi. Da yake ƙololuwa ta fi sanyi, can ake farawa. A wurare masu tsawo irin dutsen Mitchell, mai mita 2,037, launin kan fito tun ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, sannan ya riƙa gangarowa har ya kai kwari a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. Wanda ya makara sai ya sauko ƙasa, wanda ya yi sammako ya hau sama. Iska da ruwan dare ɗaya na iya kakkaɓe ganyen, don haka a duba hasashen yanayi.

Na biyu, cunkoso. Great Smoky Mountains ya fi kowane gandun ƙasa a Amurka samun baƙi, sama da miliyan 12 a shekarar 2024, kuma Asabar da Lahadin Oktoba motoci kan yi cirko-cirko. Mai iko ya nemi hutun Talata ko Laraba, ya fita bayan sallar asuba. Mai niyyar kwana ya kama ɗaki tun da wuri. Shiga gandun kyauta ne, amma tun 2023 ana sayen takardar ajiye mota, dala 5 a yini.

Na uku, a duba shafin hukumar gandun daji kafin a tashi. Guguwar Helene ta ƙarshen Satumban 2024 ta yi wa hanyar mummunar ɓarna, kuma gyara ko ƙanƙara kan sa a rufe wasu sassa. Babu gidajen mai a kan hanyar, rezo na ɗaukewa, gudu bai wuce kilomita 72 a awa ba. A cika tanki, a ɗauki rigunan sanyi, da ruwan alwala, da guzuri daga gida, domin abincin halal na wuyar samu a ƙauyukan dutse. In an ga dabbar daji, a tsaya nesa, kada a ba ta abinci.

Ƙungiyoyin ƴan Nijar da ke haɗa kuɗi don suna da biki da kai gawa gida za su iya haɗa na motoci biyu ko uku sau ɗaya a shekara. A can kan dutse, uba zai samu damar gaya wa ɗansa cewa a ƙasar kakanninsa akwai gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya tsiro da sabo da rani. Oktoba wata guda ne, a fara shiri tun yanzu.