Neman Muhalli a Kano: Arahar Haya Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Ma'aikacin Gwamnati da aka yi wa canjin aiki daga Jama'a ko Kabo ko Gwarzo zuwa birnin Kano, babu abin da ke fara ɗaure masa kai kamar inda zai ajiye iyalinsa. Galibin mutanen wannan yanki sukan nemi gida ne a unguwannin da ke gefen hanyar Gwarzo, watau Kabuga da Tudun Yola da Rijiyar Zaki da Rimin Gata, ko kuwa su gangara Ɗorayi, domin daga nan ne ya fi sauƙin kai ziyara gida.

Waɗannan unguwanni sun bunƙasa ne bayan da Kwalejin Abdullahi Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, aka kuma gina mata sabon mazauni a kan wannan hanya. Malamai da ɗalibai da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa, gonaki suka zama fulotai, kuɗin haya kuma ya yi ta hauhawa. A ƙa'ida, gwargwadon nisan gida daga Ƙofar Kabuga, gwargwadon sauƙin hayarsa.

To, amma a nan ne magidanta da yawa ke yin kuskure. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zama wata haya ta biyu. Ma'aikacin da ke shiga A Daidaita Sahu sau biyu kafin ya isa Sakatariyar Audu Bako, ya kuma biya wa yara biyu ko uku kuɗin zuwa makaranta, zai tarar abin da ya rage a haya ya ƙare a hanya. Mafi ƙarancin albashi na Naira 71,000 da Gwamnatin Jihar Kano ta amince da shi a 2024 ba zai ɗauki irin wannan nauyi ba.

Na biyu shi ne ruwa. A sababbin unguwanni da yawa famfo bai kai ba, sai dai a dogara ga 'yan garuwa ko rijiyar burtsatse ta maƙwabta. Gidan da ke da rijiya mai ruwa har bazara ya fi gida mai fenti wanda kullum sai an sayi ruwa.

Na uku ya shafi mai niyyar sayen fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun Gwamna, kuma shi ne ke ba da takardar shaidar mallaka. Filin awon igiya yana da araha, amma sau da yawa ba a bar masa titi ko magudanar ruwa ko wurin makaranta ba, kuma gini ba tare da iznin hukumar KNUPDA ba yana iya jawo rushewa. Da damina ne ake gane gaskiyar irin waɗannan wurare, lokacin da lunguna suka cika da ruwa.

Saboda haka ne wasu ma'aikata suka gwammace su bar iyali a ƙauye, inda akwai gona da dangi, su kama ɗaki ɗaya a birni, su riƙa komawa ƙarshen mako. Wannan yana rage kashe kuɗi, amma yana raba uba da tarbiyyar 'ya'yansa.

Ya kamata magidanci ya haɗa lissafin haya da la'adar dillali da kuɗin mota da na ruwa da na makaranta na shekara guda kafin ya biya ko kwabo. Ya kuma gana da mai unguwa, ya ga yadda matasan wurin ke yini. Ita kuwa Gwamnati, hakkinta ne ta kai titi da ruwa da makaranta kafin jama'a su cika wuri, domin gyara bayan an gama gini ya fi tsada.