Lamba Ɗaya, Cira Goma Sha Ɗaya



Kwanan baya Umma ta miƙo min takardar bankinta, ta ce, "Kai ɗan boko, duba min, wa ke cin kuɗina?" Ashe wata manhajar kallon fim ce da ni na saka mata, wai gwaji kyauta. Wata goma sha ɗaya suna zarar fam takwas-takwas. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne, ko atamfa za ta saya a intanet sai banki ya turo lamba, amma waɗannan ba wanda ya tambaye ta.

To ga yadda abin yake. Dokar Tarayyar Turai ta PSD2 ta wajabta tantance mai kati tun 14 ga Satumba 2019, a nan Birtaniya kuma aka tilasta ta a cinikin intanet daga 14 ga Maris 2022. Sai ka kawo biyu cikin uku: abin da ka sani, kamar lambar sirri, abin da ka mallaka, kamar waya, ko wani abu na jikinka, kamar zanen yatsa. Amma in kamfani ne zai riƙa cira da kansa, sau ɗaya ake tantance ka, ranar da ka ba da izini. Daga nan shi ke nan.

Ban ce a riƙa turo lamba duk wata ba, don da an yi haka da layin wayar rabinmu ya yanke. Amma haba! Yardar da mutum ya manta ya bayar ai ba yarda ba ce. Kamata ya yi kowane banki ya jera mana masu wannan izini a wuri ɗaya, mu soke wanda muka ga dama.

Kafin nan, mu san haƙƙinmu. A Birtaniya kana iya ce wa bankinka ya dakatar da irin wannan cira, kuma dole ya yi ko kamfanin bai yarda ba. In an sake cira bayan haka, a mayar maka da kuɗinka.

Mu ne ke danna wa iyayenmu waya, kuma amana ce. Ni dai na biya Umma fam 88 daga aljihuna, na kuma sha faɗa. Don Allah yau ku zauna da su ku duba tare.

Allah Ya sa mu dace.