Kalifoniya: Kifayen da ake kai wa bakin teku a mota na manta hanyar gida

Shekara uku a jere, 2023 da 2024 da 2025, hukumomi a Amurka suka hana masuntan da ke kamu don sayarwa taɓa kifin salmon a tekun jihar Kalifoniya, saboda ya yi ƙaranci. Abin ɗaure kai shi ne, wannan jihar ce ke ƙyanƙyashe miliyoyin 'ya'yan kifin tana saki duk shekara.

Salmon kifi ne mai gida biyu. A kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya girma, bayan kimanin shekara uku ya hauro kogin da ya fito, ya yi ƙwai ya mutu. Madatsun ruwa irin ta Shasta, wadda aka kammala a 1945 a kan kogin Sacramento, sun datse masa hanyar zuwa wuraren da ya saba zuba ƙwai. Domin cike giɓin ne aka gina cibiyoyin ƙyanƙyasa, ciki har da ta Coleman a 1942.

Matsalar ita ce hanyar da ke tsakanin cibiyoyin da teku. Idan aka yi fari, ruwan kogi kan ja baya ya yi ɗumi, ƙananan kifin su mutu ko manyan kifaye su cinye su. Sai hukumomi suka koma loda su a tankokin mota, a kai su kai tsaye mashigin San Francisco da na San Pablo, inda ruwan kogi ke gauraya da ruwan gishiri. A farin 2021 kaɗai, jihar ta shirya jigilar kusan miliyan 17 zuwa waɗannan mashigai da wasu wurare a gaɓar teku.

Dabarar tana aiki, babu musu. Kifin da ya hau mota ya fi wanda ya bi kogi damar isa teku da rai, kuma masunta sun fi samun na kamawa.

Sai dai salmon da hanci yake gane gida. Lokacin da yake gangarowa yana ƙarami, yakan haddace ƙanshin ruwan kowane reshen kogi da ya ratsa, kuma wannan haddar yake bi idan zai dawo. Wanda aka ɗauko a tanki bai shaƙi komai ba. Idan ya girma ya iso mashigi, sai ya bi duk kogin da ya tarar da ruwa.

Cibiyar Coleman ta ɗanɗana kuɗarta a 2017. Kifayen da ta kai mashigi a mota lokacin farin 2014 da 2015 sun watsu a wasu koguna, ta rasa isassun iyaye, har ta kasa tara ƙwan da ta saba tarawa.

Asarar da ta fi wannan ba a ganinta da ido. Kifayen cibiya da suka ɓace hanya kan yi barbara da 'yan ragowar kifayen da ke hayayyafa da kansu. A da, kowane kogi na da irinsa, da lokacin da 'ya'yansa ke fita teku: wasu da wuri, wasu a makare. Idan na farko suka tarar da yunwa a teku, na baya kan tarar da abinci. Cuɗanyar ta sa iri ya koma kusan ɗaya, ga shi kuma ana juye miliyoyi masu girma ɗaya a mashigi cikin 'yan makonni, inda tsuntsaye da manyan kifaye ke jira. Idan waɗannan makonni suka zo da rashin sa'a, kifin shekarar gaba ɗaya ya tafi.

An taɓa ganin haka. Bayan rufe kamun salmon a 2008 da 2009, masana kimiyyar gwamnatin tarayya sun ce ƙarancin abinci a teku ne ya kashe 'ya'yan kifin, amma raguwar bambancin iri da dogaro da cibiyoyin ƙyanƙyasa ne suka sa bugun ya yi tsanani.

To me ya sa ba a daina ba? Domin hayar mota ta fi sauƙi a kan rigimar ruwa. Ruwan da kifin ke bukata a kogi, shi ne wanda gonakin tsakiyar jihar da biranen kudancinta ke sha, kuma ƙungiyoyin masunta sun daɗe suna zargin cewa ana fifita gonaki. Su kuma manoma na cewa an riga an rage musu kasonsu.

Jami'an da ke tura motocin ba jahilai ba ne. Sun san da batun ɓatan hanya, suna zaɓar kifi mai rai da ya ɓace a kan wanda ya mutu a kogi. Amma matakin da ya kamata ya zama na gaggawa yana neman zama al'ada, kuma akasarin manyan kifayen da aka nema aka rasa a 2023, 'ya'yan shekarun farin 2020 da 2021 ne, wato lokacin da motocin ke ta zirga-zirga.