Mu Je Sukur da Niyyar Koyo

'Yan'uwana ɗalibai, a hutun da ya wuce ni da wasu abokan karatu muka tashi daga Kankiya takanas, muka nufi Sukur, wani gari da ke bisa duwatsun Mandara a ƙasar Madagali ta Jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru. Mota ba ta hawa can. A gindin dutse muka bar ta, muka kama wata hanya da aka shimfiɗe da falalen duwatsu tun zamanin kakanni, muna hawa muna haki, ga tsofaffin mata ɗauke da kaya suna wuce mu kamar ba tudu suke hawa ba.

Da muka isa, wani daga cikinmu ya zaro wayarsa ya shiga ɗaukar hoton mutane ba ko sallama, yana dariya yana cewa a zo a ga mutanen dutse. Wani dattijo ya dube shi kawai, ya juya baya ya shige gida. Wannan kallo da ya yi mana shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin ina ganin yawancinmu 'yan boko da wannan hali muke zuwa irin waɗannan wurare, watau mu ne wayayyu, su kuwa abin kallo.

To, bari mu duba. A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, kuma shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya sami wannan matsayi. Dalili kuwa shi ne fadar sarkinsu, wanda suke kira Hidi, da aka gina da dutse zalla ba laka ba siminti, da hanyoyinsu na dutse, da kufan wuraren narkar da tama, da gonakinsu hawa-hawa. Mutanen da suka narka ƙarfe suka sayar wa maƙwabta, suka kuma sa gangaren dutse ya ba da dawa, ashe su ne za mu je mu yi wa dariya?

Ya kamata kuma mu san irin wuyar da suka sha daga mutanen ƙasa. Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya bar littafin tarihin kansa na shekarun 1912 zuwa 1927, inda ya lissafta hare-haren kamun bayi da ya aika cikin duwatsun nan, har Turawa suka tuɓe shi a 1927. A 2014 kuma 'yan Boko Haram suka hau suka ƙona gidaje. Wanda ya san wannan ba zai yi mamaki ba in baƙo ya ɗaga musu waya suka juya baya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gonakin. Kowace ƴar gona an tokare ta da jerin duwatsu, ta yadda in ruwa ya sauko sai ya tsaya ya nutse, ƙasa kuma ta zauna inda take. Shanunsu a garke na dutse suke cikin gida, ana kwashe taki a kai gona. Na tsaya ina tuna gonakinmu na Kankiya da Kusada, inda ƙasa take shimfiɗe kamar tabarma, amma kowace damina kwazazzabo na ƙara cin gefen gona, mu kuwa muna zaune muna jiran gwamnati ta kawo buhun takin zamani.

Na san wani zai ce ai mu ba mu da duwatsu, dabarar mutanen tudu ba ta shafe mu ba. Sai ya leƙa Keita ta jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, inda tun shekarun 1980 manoma Hausawa suke jera duwatsu a gonaki don tare ruwa, suka farfaɗo da filayen da suka zama fako. Wani kuma zai ce ai masu yawon buɗe ido kuɗi suke kaiwa, ba laifi in sun yi hoto. Gaskiya ne kuɗin na da amfani, amma ladan ɗan rakiya ba ya sayen mutuncin mai gida.

Saboda haka ina roƙon ƙungiyarmu ta ɗalibai, duk lokacin da za ta shirya irin wannan tafiya, bayan ta tabbatar da lafiyar hanya, ta sa a fara gai da Hidi a nemi izini, a ɗauki ɗan gari ya yi jagora a biya shi hakkinsa, kada a ɗauki hoton kowa sai da yardarsa. Ɗaliban aikin gona kuma, da ku ƙananan ma'aikata da gobe za a tura ku karkara malaman gona, ku tafi da littafi da alƙalami, ku tambayi tsofaffi yadda ake jera dutsen nan. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma sai ga wanda ya yarda akwai abin da bai sani ba. Allah Ya sa mu dace, amin.