Ba Kowane Yaro Ne "Bebi" Ba

'Yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu, ina so in yi magana a kan wata kalma da ta shigo bakinmu ta zauna daram, watau "bebi". Yau in ka zaga Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu, za ka ji an haifi bebi, an yi wa bebi aski, bebi ya fara tafiya, har wanda aka sa makarantar allo uwarsa na kiransa bebi. 'Yar tsanar roba ma 'yar bebi ce. Samari kuwa sun ja kalmar sun kai ta wani wuri dabam, wanda ba zan ambata a mujallar makaranta ba.

Ni ba aron kalma nake ƙi ba. Mun ari mota da tebur da asibiti, ba abin da ya same mu. Abin da ke damuna shi ne mun ari kalma guda mun bar ta ta haɗiye biyar ko shida, alhali kuwa su masu harshen ba haka suke yi ba.

A Turanci, sabuwar haihuwa "newborn" ce, likitoci kuma suna cewa "neonate", suna nufin kwana 28 na farko. Wanda bai cika wata 12 ba, ma'aikatan lafiya na kiransa "infant". Asalin kalmar daga harshen Latin ne, ma'anarta wanda bai iya magana ba. In ya miƙe ya fara takawa yana faɗuwa, ya zama "toddler", daga shekara 1 zuwa wajen 3, don kuwa "toddle" ita ce tafiyar nan ta tangal-tangal. "Child" kuwa babbar riga ce. Dokar haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003 ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba "child" ne, watau har ni mai wannan rubutu, ko da yake ba na son a faɗi haka a gaban 'yan aji ɗaya. Sai "kid" da muke ji a fina-finai, wadda tun asali ɗan akuya take nufi, kuma ba ta dace da takardar jarrabawa ba.

To, ashe Hausa ta rasa irin wannan? Ko kusa. Kakanninmu da ba su taɓa zama a benci ba sun san jariri, sun san jinjiri, da ɗan goyo, da mai rarrafe, da mai tatata, da yayayye. In ka ce wa tsohuwa yaro yana tatata, ta san kimanin watanninsa ba tare da ta tambaya ba. In ka ce mata bebi ne, me ka gaya mata?

Wani zai ce wannan duk surutun 'yan boko ne. To, ya tuna abin da ke faruwa in an yi hutu. Mu ne ake miƙo wa kwalbar magani a ce, "Kai da kake makaranta, karanta mana." Ba kowace uwa ke iya zuwa babban asibiti a Gusau don zazzaɓin dare ɗaya ba, balle ga halin da hanyoyinmu ke ciki. Kemis ake aikawa. A jikin kwalin maganin ruwa kuwa an raba awo, na "infants" dabam, na "children" dabam. Ɗalibin da a kansa duka biyun bebi ne, zai iya karanta layin ɗan shekara 5 ga jinjiri ɗan wata 5, kuma uwa ta yarda da shi don ya yi boko. Farasitamol ɗin nan da muke raina wa, in ya yi yawa hanta yake ci.

Ku dubi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida da damina, wanda aka fara a Zamfara tun 2015. Kala biyu ne. Akwai na 'yan wata 3 zuwa 11, akwai na 'yan wata 12 zuwa 59, kuma ƙarfin na farkon rabin na biyun ne. Wanda bai kai wata 3 ba, ba a ba shi ko kaɗan. A gidan da ke da ɗan goyo da yayayye, in aka musanya, ɗaya ya sha fiye da kima, ɗaya bai sami abin da zai kare shi ba.

Amma kada wani ya haddace waɗannan kalmomi ya ɗauka ya gama. Turanci ma yana da nasa ruɗani. A Ingila akwai makarantar da ake kira "infant school", amma yaran cikinta 'yan shekara 5 zuwa 7 ne. A tsohuwar dokarsu kuma, duk wanda bai kai shekara 21 ba "infant" ne, sai a 1970 aka rage shekarun balaga zuwa 18. Kalma guda ke nan, asibiti da makaranta da kotu kowa da tasa fassara. Saboda haka a jikin kwalba, lambar da ke kusa da kalmar ita ce abin dubawa. Wata nawa aka rubuta? Shekara nawa? In ba lamba, a koma wa wanda ya ba da maganin a tambaye shi.

Roƙona ga malamanmu na Turanci shi ne, kafin hutu mai zuwa, a ware darasi ko guda ɗaya, a ajiye littafin nahawu, a kawo kwalayen magani da katin rigakafi cikin aji. Kowane ɗalibi ya tashi ya karanta, sa'an nan ya fassara da Hausar da kakarsa za ta gane. Iyayenmu mata kuma, in kun miƙo mana kwalba, ku fara da gaya mana watannin yaron.