Mu Gina wa Reshenmu Rumbun Kayan Koyarwa

'Yan'uwa malamai, intanet cike take da kayan koyarwa na kyauta. Shafin African Storybook na cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu yana ɗauke da littattafan yara da Hausa, haka ma StoryWeaver na ƙasar Indiya. Ga kuma Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen adanawa. Malami zai tsinci abu mai amfani ya tura zauren WhatsApp na makaranta, kafin mako ya zagayo gaisuwar Juma'a da gayyatar biki sun binne shi. In wayar ta lalace ko aka sace ta, wahalar shekara guda ta bi ruwa.

A ra'ayina, lokaci ya yi da reshenmu zai buɗe rumbu guda a ɗaya daga cikin manhajojin adana adireshin shafuka, irin su Diigo ko Wakelet ko Raindrop.io. Aikinsu mai sauƙi ne. Za ka ajiye adireshin shafin, ka laƙaba masa alamomi, ka ƙara gajeren bayani, duk wanda ke cikin rukunin ya gani. Idan muka amince da alamomi huɗu, wato aji, darasi, zango da harshe, sabuwar malamar da aka miƙa wa aji biyu za ta rubuta "lissafi, zango na ɗaya" ta tarar da abin da magabatanta suka riga suka gwada a gaban ɗalibai.

Wasu za su ce kuɗin data ya fi ƙarfin albashinmu. Gaskiya ne, amma lalube a intanet kowane dare ya fi cin data a kan buɗe adireshin da aka tantance. Mutum ɗaya na iya sauke littafi ya raba wa sauran ta Bluetooth, ko a buga shi a takarda domin makarantun ƙauye.

Sai dai akwai hattara biyu. Na farko, waɗannan manhajoji na kamfanoni ne, kuma suna mutuwa. Delicious, wadda aka kafa a 2003, ta daina karɓar sabuwar ajiya a 2017, kamfanin Mozilla kuma ya rufe Pocket a 2025. Saboda haka a riƙa fitar da kwafin rumbun a ƙarshen kowane zango, sakataren reshe ya adana. Na biyu, kada a shigar da komai sai an auna shi da manhajar karatu ta hukumar NERDC, domin rumbun da aka cika da ƙaiƙayi ba ya ciyar da gida.

Ina roƙon shugabannin reshe su sanya wannan batu cikin ajandar taro mai zuwa, a naɗa malamai biyu a kowane darasi su fara tattarawa kafin a koma hutu. Allah Ya ƙara haɗa kanmu.