Kotun da Ba Ta da Hurumi Ba Ma'ajiyar Mutane Ba Ce

A Katsina, kamar sauran jihohin Arewa, yawancin shari'o'in laifi na farawa ne da rahoton farko da 'yan sanda ke kaiwa kotun majistare, ko ƙorafin da mutum ya shigar da kansa. Matsala takan taso idan laifin ya fi ƙarfin kotun. Kisan kai da fashi da makami, alal misali, sun wuce hurumin majistare. Babbar Kotun Jiha ce ke jinsu. Safarar miyagun ƙwayoyi kuwa ta Babbar Kotun Tarayya ce.

Dokar a fili take. Tun 1962, a shari'ar Madukolu da Nkemdilim, kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar da cewa shari'ar da aka yi ba da hurumi ba rusasshiya ce, komai kyan yadda aka gudanar da ita. Amma abin da aka saba gani shi ne, majistare ya ce ba shi da hurumi, ya tura wanda ake zargi gidan gyaran hali, ya ɗage zama har sai shawarar lauyoyin Ma'aikatar Shari'a ta fito. Daga nan sai jiran gawon shanu. Fayil yana hannun 'yan sanda, ma'aikatar ba ta gan shi ba, kotu kuma tana ta sabunta ranar zaman da ba za a saurari komai a cikinsa ba.

Masu kare wannan tsari suna da hujja. Bincike kan ɗauki lokaci, kuma a jihar da ta sha fama da 'yan bindiga, sakin wanda ake zargi da kisa cikin gaggawa ganganci ne. A 2007, a shari'ar Lufadeju da Johnson, Kotun Ƙoli ma ta amince majistare ya tsare mutum na ɗan lokaci, ko da ba shi zai yi shari'ar ba.

Sai dai izinin tsarewa ba izinin mantuwa ba ne. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin walwala, sashe na 36 kuma ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar. Shi ya sa dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ƙayyade tsarewar farko da kwanaki 14, ba a ƙarawa sai da dalili, in kuma masu gabatar da ƙara suka kasa kawo hujja, a saki mutumin. Katsina ma ta yi tata dokar a 2021.

Abin da ya rage shi ne aiki da ita. Ƙorafin da ya shigo kotun da ba ta dace ba, a faɗa wa mai shi tun ranar farko inda zai nufa. Wanda aka tsare, a rubuta ranar da wa'adinsa zai cika, a aika wa Antoni Janar kwafin fayil nan take, ranar ta zo kuma majistare ya nemi bayani.

Jinkirin ba wanda ake zargi kaɗai yake cutarwa ba. Shaidu kan watse, a sauya wa ɗan sanda mai bincike wurin aiki, iyalan mamaci su gaji da zirga-zirga. Mai laifi na gaske kan kuɓuta daga ƙarshe saboda hujja ta ruɓe, marar laifi kuwa ya riga ya yi zaman da babu alƙalin da ya yanke masa.